Na'urar da Ta Mutu a Kunnen Malam Haliru

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun aikina, amma ban manta da ranar da Alhaji Ummaru na Ƙofar Atiku ya ajiye mini gwangwanin turare a kan tebur ba. Ku da kuke zaune a teburin koke-koke yanzu kun sha tambayata wace ƙara ce ta fi ba ni wuya. Kuna zaton zan ce ta mota ko ta siminti. A'a. Ta wasu abubuwa biyu ce da kowannensu bai kai girman dabino ba.

Lokacin ina babban jami'i mai karɓar koke-koken masu sayen kaya, saura mini ƙasa da shekara in yi ritaya. Ga wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Mutum ya sayi abu, abin ya lalace, mai shago ya ƙi sauraronsa, sai ya zo wurinmu ya cika fom, ya kawo rasit. Mu buɗe fayil, mu rubuta wa mai shago. In ya yi shiru mu kira su zaman sulhu, in ya ƙi zuwa mu miƙa wa lauyan ofis. Duk wannan yana aiki ne in shagon yana da ƙofar da masinjanmu zai iya ƙwanƙwasawa.

Ranar Litinin ce, farkon damina. Alhaji Ummaru mai sayar da kayan fata ne, dattijo mai yawan raha. Ya buɗe gwangwanin, sai ga na'urorin taimakon ji guda biyu, irin waɗanda ake maƙalawa a kunne, an kwantar da su cikin auduga. Ya ce na yayansa ne, Malam Haliru, wanda ke karantar da magidanta a zaurensa bayan la'asar. Kun san yadda karatun zaure yake. Ɗalibi ya buɗe littafi ya karanta da ƙarfi, malami ya saurara, ya gyara masa, ya fassara. Kunne shi ne jarin malamin zaure. Na Malam Haliru ya fara ja baya shekarun baya, har sai da surukinsa Nasiru, mijin 'yarsa, wanda ke karatu a wata ƙasar Turai, ya sayo masa waɗannan ya ba wani mai dawowa gida ya kawo. Wata goma sha huɗu suna aiki. Sai ta dama ta daina ɗaukar caji, ba a yi mako ba ta hagu ta bi ta.

Alhaji Ummaru ya ce shi da niyyarsa ya kai wa masu gyaran waya a kasuwa, tunda a cewarsa mutanen da ke tada wayar da ta kwana cikin randa ba za su gaza wa ɗan wannan abu ba. Wani maƙwabcinsa ne ya ce ya fara biyowa ta wurinmu. Na roƙe shi kada ya bari kowa ya sa musu sukundireba, domin da zarar an buɗe su magana ta ƙare. Na nemi rasit. Babu. A cikin kwalin da na'urorin suka zo a ciki akwai ɗan littafin bayani, da katin garanti mai hatimin shagon da ranar saye. Garantin na shekara ɗaya ne, ya ƙare da wata biyu da 'yan kwanaki.

Na ɗauki hoton katin da lambobin jikin na'urorin, na ce ya bar mini su a ofis. Ya mayar da murfin gwangwanin ya ce ba zai yiwu ba, Malam zai sa su da la'asar. Na ce ai ba sa aiki. Ya dubi taga, ya ce da alama hadari na haɗuwa. Ban gane ba a lokacin.

Darakta namu ɗan cikina ne a shekaru, yana kirana Bature saboda yawon da na yi. Da na kai masa fayil ɗin ya juya shi gaba da baya ya ce, "Baba Bature, garanti ya ƙare, shago yana ƙetare, rasit babu. Wannan fayil matacce aka haife shi." Na ce ya ba ni izini in rubuta wasiƙa ɗaya. Ya ce in rubuta goma in ina so, imel ba ya cin mai.

Abin da na sani wanda shi bai sani ba, zama ne ya koya mini. Na yi karatu a Sudan, na yi aiki a sashen kasuwanci na ofisoshin jakadancinmu a ƙasashe uku, ɗaya daga ciki ita ce ƙasar da shagon nan yake. A Khartoum na ga mutum ya mayar da fanka shago, aka yi ta hayaniya har aka kawo shayi, aka sha, aka canza masa. A Yamai na ga ana warware irin wannan da albarkacin sanayya. A Turai kuwa na taɓa tsayawa bayan wata tsohuwa a layi, ta zo da butar dafa ruwa ta lantarki da ta saya shekara ɗaya da rabi baya. Ta zaro rasit daga ambulan, ba gaisuwa, ba roƙo, ba ta ma ɗaga murya ba. Aka karɓa. Mu a nan da an ce Allah ya sa albarka an tafa, shi ke nan, kuma a ƙasan rasit ɗin ma an buga cewa kayan da ya fita ba ya dawowa.

Ranar tsohuwar nan na fahimci cewa garanti daban, doka daban. Garanti alkawari ne da kamfani ya ga dama ya yi, shi yake yanke tsawonsa. Amma dokar ƙasarsu ta ɗora wa mai shago nauyin kayan da ya sayar har shekara biyu, in aibin daga kayan ne ba daga hannun mai amfani ba. Ke nan na'urorin Malam suna da sauran wajen wata tara a ƙarƙashin doka, ko da katin ya mutu.

Na rubuta musu da Faransanci. Amsar farko ta zo cikin minti kaɗan, ka san ba mutum ya rubuta ta ba. Suna baƙin ciki, garanti ya ƙare, suna gayyatata in duba sababbin kayansu. Na sake rubutawa, na ambaci dokarsu, na sa hatimin ofis. Wannan karon sai da aka yi mako biyu, kuma wata mata ce ta sa hannu da sunanta. Ta ce ina da gaskiya. Za su duba na'urorin, in aibin nasu ne su gyara ko su canza. Amma cinikinsu da wanda sunansa ke cikin kwamfutarsu suka yi, kuma a ƙasarsu aka ba shi kayan. Shi zai aiko musu saƙo, shi zai kawo kayan, kafin shekara biyun ta cika. Ba sa magana da wani a madadinsa, ba sa aika kaya wajen ƙasarsu.

Na buga wasiƙar na kai wa Darakta ina murmushi. A raina an gama. Saƙo ɗaya daga Nasiru, sai a ba wani mai tafiya gwangwanin. Na kira Alhaji Ummaru na faɗa masa. Ya ce gara in zo in gaya wa Malam da kaina.

Na je kafin la'asar, ɗalibai ba su taru ba. Malam Haliru farin dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu, littattafai a jingine da bango. Na'urorin suna kunnensa, duka biyun. Na yi gaisuwa, ya amsa yana kallon bakina. Na ga in na ce zan yi bayani da baki sai na yi ihun da duk layin zai ji, don haka na ciro takarda na rubuta masa da ajami. Ya karanta a hankali, ya ninke takardar, ya ajiye a gefen buzu.

Ya ce mini, "Alhaji, Allah shi saka da alheri. Amma wanga mutum surukina na. Ɗalibi na, ba albashi garai ba. Ban san mi ya hana ma bakinai ba har ya sai wanga abu. In aika mashi in ce kyautarka ta mutu?"

Na rubuta cewa ba roƙo ba ne, haƙƙi ne, kuma ko kwabo ba zai kashe ba. Ya yi ɗan murmushi. Ya ce babin mayar da kaya saboda aibi ya karantar da shi tun kafin in fara aikin gwamnati, kuma a ko'ina haƙƙin mai saye ne. Shi ba saye ya yi ba, ba shi aka yi. Mutanen shagon ba su yi ƙarya ba.

Na rubuta, to a gaya wa matar Nasiru, ita ta gaya wa mijinta. Nan ne fuskarsa ta canza. Alhaji Ummaru ya taɓa mini gwiwa. Matar Nasiru 'yar farin Malam ce. Malam ko sunanta ba ya kamawa, waccan yake ce mata, kuma tun da ta yi wayo ba su taɓa zama sun yi doguwar magana ba. Mahaifiyarta ma haka. Na san wannan, ni ma da shi aka rene ni. Sai dai ban taɓa ganinsa ya tsaya a tsakanin mutum da kunnensa ba.

Na zauna aka yi karatu, don kunyar tashi. Mutum kusan ashirin, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikata, akwai masu furfura. Wani ya fara karantawa. Malam ya san littafin da ka, don haka yana kallon leɓen mai karatu ne yana ƙiyasta inda ya kai. Ya yi daidai sau biyu. A na uku mai karatun ya tsaya a wuri ɗaya, Malam ya kama fassarar wani wurin da ba a iso ba tukuna, da muryarsa mai daɗi, da misalai, da komai. Kowa ya sunkuyar da kai cikin littafinsa. Mai karatun ya bi shafin da yatsa har ya gano inda Malam yake, ya ci gaba daga can. Ashe duk zauren sun sani. Suna ɓoye masa cewa sun sani, shi yana ɓoye musu, kuma duk don kada maganar ta haye teku.

Washegari Alhaji Ummaru ya zo ofis. Na nuna masa inda zai sa hannu ya ba mu izinin tuntuɓar Nasiru, domin ƙa'idarmu ta hana mu kai maganar mai ƙara ga wani ba da izininsa a rubuce ba. Ya ƙi karɓar biron. Ya ce Malam ya rantse in maganar ta fita ta bakinsa shi Ummaru, ba shi ba shi. Muka yi hirar farashin fata da ta ruwan sama, ya tashi ya tafi. Bayan fitarsa na ga wata 'yar takarda a ƙarƙashin fayil ɗin, an yage ta daga littafin shago. Lambar waya ce ta ƙasar waje. Ba suna.

Na kai wa Darakta shawara. Ya ce, "Ka kira in kana so. Amma in Malam ya ce ofishinmu ya tona masa asiri, kai za ka amsa, ba ni ba. Wata nawa ya rage maka, Baba?" Ya ce in rufe fayil ɗin, in rubuta cewa mai ƙara bai ci gaba ba.

Da zan so in ce muku Darakta ne ya hana ni, ko ƙa'ida. Ba haka ba ne. Na sha karya ƙa'idar da ta fi wannan. Gaskiyar ita ce duk harsunan da na koya da duk ƙasashen da na zauna, da na ɗauki wayar sai in ji ni ɗan Ƙofar Taramniya ne kawai, wanda za a nuna a ce shi ne ya kwashi sirrin gidan malami ya kai wa suruki. Ni ma ina da surukai. Na san da ni ne, abin da Malam ya faɗa shi zan faɗa. Na sa takardar a aljihun tebur na ce sai gobe. Goben nan ta yi wata tara.

A maimakon kiran, na ci gaba da rubuta wa shagon, don in ji kamar ina yin wani abu. Na roƙe su su karɓi kayan daga hannun ofishinmu. Na yi musu bayanin tsoho da zaurensa. Na yi ƙoƙarin fassara musu kunyar suruki da Faransanci, na share, na sake, ban sami kalmar ba. Matar ta amsa sau biyu, cikin ladabi, da kalmomi iri ɗaya. A na uku ba ta amsa ba. Tallarsu kuwa ba ta taɓa ɓata hanya ba, duk mako sai ta shigo imel ɗin ofis, tana ce mini abokin ciniki mai daraja. Kayansu suna shigo mana ba biza, amma haƙƙin da ke tare da kayan a bakin iyakarsu yake tsayawa.

A cikin watannin nan zauren ya riƙa raguwa. Ba wanda ya ce ya bari. Wannan ya ce shago ya riƙe shi, wancan ya ce ƙafa ce ke damunsa. Daga baya aka riƙa ganinsu a zauren wani malami a unguwar Gidan Dare. Ban zarge su ba. Mutum ya bar sana'arsa ya zo a gyara masa karatu ne. Kafin damina ta zagayo, saura mutum huɗu, su ma don zumunci suke zuwa.

Saura mako biyu in ajiye aiki, wani mutum mai kamar shekara talatin da biyar ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye gwangwanin turare a kan tebur. Na gane gwangwanin kafin ya faɗi sunansa. Nasiru ne, ya gama karatu ya dawo, ya sami koyarwa. Ya ce da ya je gaida Malam ya yi sallama sau uku ta bayansa ba a amsa ba, alhali ga na'urori a kunne. Ya matsa wa Alhaji Ummaru, shi kuma ya ce tunda ba shi ya fara faɗa ba rantsuwa ba ta hau kansa ba, ya ɗauko masa na'urorin lokacin da Malam ke ƙailula.

Sai ya buɗe jakar takardun shaidar karatunsa ya zaro rasit, a miƙe, ko lanƙwasa babu. Ya ce shi ya cire shi daga kwalin da hannunsa, don kada Malam ya ga abin da aka kashe ya ji nauyi. Ya ce ya san dokar can shekara biyu ce, ya lissafa ya ga ta wuce da mako biyar, ko ofis zai iya rubuta musu a gwada.

Ashe Alhaji Ummaru bai gaya masa an taɓa zuwa wurinmu ba. Ina iya yin shiru in buɗe sabon fayil. Na tashi na ɗauko tsohon na miƙa masa. Ya karanta wasiƙar matar shagon da kansa, yana jin harshen fiye da ni. Ya karanta ta sau biyu, ya duba ranar da aka rubuta ta.

Ya ce, "Baba, shagon nan tsakaninsa da ɗakina tafiyar ƙafa ce. Kullum ta gabansa nake wucewa."

Ya tambaya ko ba mu sami lambarsa ba ne. Na jawo aljihun tebur, na ciro 'yar takardar, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Sai ya mayar da rasit ɗinsa cikin jaka, ya ce Allah ya saka da alheri da wahalar da na sha. Na tambaye shi ko zai iya sayen wasu. Ya ce da albashin sabon malami, da yadda naira ta koma, ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba. A bakin ƙofa ya juyo ya roƙe ni abu ɗaya: kada Malam ya ji cewa ya zo. Zai mayar da gwangwanin kafin la'asar.

Na rubuta wa shagon wasiƙa ta ƙarshe da rasit ɗin a haɗe. Amsar ta zo cikin minti kaɗan. Suna baƙin ciki.

To, ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. Yawancin kayan lantarkin da ke shigo mana daga waje ba mai amfani da su ne ya saye su ba. Ɗa ne ya aiko, ko ƙane, ko suruki, kuma ya cire rasit don kunya. Fom ɗinmu yana tambayar ranar saye da sunan shago, ba ya tambayar sunan wa ke kan rasit, balle mene ne tsakaninsa da mai ƙara, alhali a garin nan wannan tambayar ita ce rabin aikin. Ku yi ta tun ranar farko. Kada ku rufe fayil don kati ya ce garanti ya ƙare, ku bincika abin da dokar ƙasar shagon ta ce. Ku gaya wa masu aiko da kyauta su damƙa rasit a hannun wani a gidan wanda ba ya jin kunyarsu. Shagon nan bai cuce mu da ƙarya ba. Zama kawai ya yi yana jira, mu muka yi masa aikin, kowannenmu da kyakkyawar niyya. In kuma wata rana dattijo ya ƙi sa hannu, amma ya tashi ya bar muku lamba a ƙarƙashin fayil, ku sani ba mantuwa ya yi ba. Ya yi iyakar abin da zai iya ne, ya bar muku sauran.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ga Malam Haliru a bakin masallaci, Nasiru yana riƙe masa takalma. Na'urorin suna kunnensa, an goge su tas. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ya jiki?"

Ya dubi bakina, ya dubi surukinsa, ya ce, "Karatu alhamdu lillahi, Alhaji. Muna nan muna yi."